Kawu Holan Ba Ya Tambaya Sau Biyu

Bari in fara da wanke kaina. Abubuwan da zan faɗa sun faru ne tsakanin 2016 da bana, ni kuwa ban riƙa rubutawa a lokacin ba, don haka mai yiwuwa in sa abin Talata a Laraba, ko in ɗora wa wani maganar da wani ya yi. Malam Sani mai shagon atamfa ne ya matsa mini in rubuta wani abu a tura zaurenmu na waya, tun da yanzu Kawu Holan ya yi wata uku a ƙasa. Na ce masa ko ba zai fi kyau a samu wanda ya fi ni kusa da marigayin ba? Ya ce babu wanda marigayin ya gallaba kamar ni, kuma wannan ma kusanci ne. Sai na ɗauki biro.

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan na unguwar Al Buteen a Dubai, inda Kawu yake da ɗan ofishinsa na kargo, ya san abin da ke biyo baya idan mutum ya yi kuskuren cewa, "An wuni lafiya?" Sai Kawu ya ajiye biro. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya jawo durowa ya duba ciki. In yana jin nishaɗi har tashi yake ya leƙa bayan ƙofa, sannan ya dawo ya zauna ya ce, "An bai zo aiki ba yau. In da ni kake, ga ni."

Saboda waɗanda suka shigo zauren daga baya: sunansa na yanka Alhaji Isiyaku. Ɗan ƙanin kakata ne ta wajen uwa, in ban rikita zumuncin ba. Ya yi kusan shekara ashirin yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam kafin ya dawo Dubai ya buɗe ofishin tura wa 'yan kasuwarmu kaya zuwa Kano. Daga Holan bai dawo da mota ba, bai dawo da mata ba. Abin da ya dawo da shi wata aƙida ce guda ɗaya, wadda ya yi ta dukanmu da ita har ya koma ga Allah: wai tambaya kamar wasiƙa ce, dole a rubuta sunan mai ita a bayan ambulan.

Yakan ce mutanen Holan in za su tambaye ka abu, kalma uku gare su, kuma dole su zaɓi ɗaya. Akwai u, ta girmamawa, wadda ake yi wa tsoho ko wanda ba a saba da shi ba. Akwai je, ana faɗinta kusan kamar "ya", ita ce ta yau da kullum, mai wucewa da sauri. Sai kuma jij, ana faɗinta "yai", ita ce mai nuna yatsa: kai, kai ɗin nan, ba na kusa da kai ba. Daga baya na bincika, kuma a iya fahimtata bai yi ƙarya ba. Inda matsalar take, Kawu ya bar biyun farko a Rotterdam, ta ukun kaɗai ya sako a jaka. Na taɓa ce masa ai mu ma muna da "kai" da "ke" da "ku". Ya ce, "Kuna da su mana. Kun ninke su kun sa a akwati kamar kayan sallah. Kullum 'ko za a', 'wai an ce', 'ana so a'. Mutum ya yi tambaya ya gudu ya bar ta a titi kamar jaririn tsintuwa!"

Na iso Dubai a 2016 da digirina da takardar aiki a wani kamfanin shigo da furanni da ke kusa da filin jirgi. Na baro matata Rukayya a Kano da 'yarmu Ikram tana wata huɗu, na yi musu alkawarin wata shida za su biyo ni. Ku riƙe wannan wata shidan, don shi ne asalin duk wahalar da na sha a hannun Kawu.

Kwana biyu da saukata na je gaishe shi, kamar yadda mahaifiyata ta umarta. Tun safe ban sa komai a cikina ba, don ban san inda ake sayar da abinci a Karama ba, ina kuma jin nauyin tambayar abokan ɗakina. Na tarar an kawo masa shinkafa da miya daga wurin matar nan da ke dafa mana abincin gida a Deira, da cinyar kaza biyu a sama. Biyu fa, jama'a.

Ya dube ni ya ce, "Kai, za ka ci?"

Na ce, "A'a Kawu, alhamdulillahi."

Ya ce, "To."

Ya yi bisimilla. Ina zaune ina jiran ya sake cewa in matso, in ce a'a, ya ce haba, in ce to bari in taɓa albarka, kamar yadda 'ya'yan mutane suke yi tun daga Kano har Agadas. Bawan Allahn nan ya cinye cinya ta farko. Ya cinye ta biyu. Ya tauna ƙashi. Ya sa cokali ya kankare gefen kwano, ina jin ƙarar har cikin hanjina. Da cikina ya yi wani kuka da ba ya ɓoyuwa, sai ya ɗago.

"Yunwa kake ji?"

Na ce, "To, wataƙila kaɗan."

"Ba na tambaye ka ba?"

"Ai Kawu kunya ce."

"To ka ce wa kunyar ta sauka ƙasa ta sayo maka burodi. Ni sau ɗaya nake tambaya."

Daga ranar ya sa mini suna Malam Wataƙila, kuma na san wasunku har yau da shi kuka ajiye lambata a waya. Na yafe, amma ban manta ba.

Kada a ce ni kaɗai yake yi wa. Waɗanda suke wurin za su tuna ranar da Alhaji Mudi ya zo daga Kano, da mutanensa uku a baya, ɗaya riƙe da jaka, ɗaya riƙe da waya, ɗaya kuma ban san abin da yake riƙe da shi ba in ban da "haka ne, Alhaji". Alhaji ya zauna ya gyara babbar riga ya ce, "Ko kayan nan za su samu shiga jirgin wannan makon?"

Kawu ya ce, "Suna sito. Je ka tambaye su."

Kawu ya jawo takarda ya ce, "Ni ga tawa tambayar. Kai, me ka sa a kwalaye goma na ƙarshe? Ka rubuta takalma, ni kuma tun jiya sitona yake ƙamshi kamar ɗakin amarya."

Mai "haka ne" ya yi wuf ya ce, "Haba Kawu, ai ba a yi wa Alhaji irin wannan tambayar."

Kawu ya ce, "Habibi, turare wuta yake kamawa. In ban tambaye shi a ƙasa ba, jirgi zai tambaye shi a sama."

Alhaji Mudi ya tashi ya fita yana cewa ba a taɓa ci masa fuska irin ta yau ba. Bayan la'asar ya dawo shi kaɗai, ya gyara takardar da hannunsa. Ina jin har rasuwar Kawu bai sake kai kayansa wani ofishi ba, ko da yake bai daina kiransa mara kunya ba.

To mu koma kan wata shida. Don in kawo iyalina ina bukatar takarda daga kamfani mai nuna aikina da albashina, ita zan haɗa da sauran takardu in nemi biza. Shugabarmu wata mata ce 'yar Holan, doguwa, mai saurin tafiya, kowa Madam yake ce mata. Ba ta da faɗa, amma ba ta tsayawa. Kuma a watan da na fara aiki aka ƙi sabunta wa wani ɗan Sudan kwantiragi, aka ce wai ya cika tambaye-tambaye. Daga baya na ji ba wannan ne dalili ba, amma maganar ta riga ta zauna mini a ƙirji. Ina tsoron in buɗe baki in rasa aikin gaba ɗaya, in koma Kano da digiri da jaka.

Duk da haka na tambaya, ko in ce a lokacin na ɗauka na tambaya. Karo na farko na tare ta a bakin ɗakin sanyi na ce, da Turanci, "Madam, ko kamfani yana da wani tsari game da ma'aikatan da suka baro iyali a gida?" Ta ce, "Yana da shi." Ta wuce. Bayan wata biyar na sake tattara ƙarfin hali na ce na ji an ce wasu kamfanoni sukan ba da takarda a irin wannan hali. Ta ce, "Haka ne." Ta wuce. Karo na uku na nuna mata hoton Ikram a waya, na yi ajiyar zuciya mai ƙarfi yadda za ta ji. Ta ce, "Kyakkyawa ce." Ta wuce. A lissafina na Bakano, mace ta hana ni sau uku cikin mutunci, sai in haƙura in jira ikon Allah. Haka nake gaya wa Rukayya a waya: ana nan ana ƙoƙari.

Asirina ya tonu ne a 2018, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna shan shayin karak a bakin ruwa ni da Kawu da Malam Sani. Ba gaira ba dalili Kawu ya juyo ya ce, "Kai, ina matarka?"

Na ce ana nan ana ƙoƙari.

"Wa ke ƙoƙarin?"

Na ce ni ne, kuma na tambayi Madam har sau uku ta ƙi.

"'Yar ina ce?"

Da na ce 'yar Holan ce, sai ya ajiye kofi a hankali. Ya ce in maimaita masa tambayoyin yadda na yi su, kalma da kalma. Na maimaita. Ina zuwa kan hoton Ikram da ajiyar zuciya, Malam Sani ya ƙware da shayi, Kawu kuwa ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara huɗu uwarka tana sayar da ƙuli tana biya maka jami'a! Wannan tambaya ce ko labaran duniya? Ka tambaye ta kamfani yana da tsari, ta ce yana da shi. Ƙarya ta yi? Ka ce wasu suna bayarwa, ta ce haka ne. Ƙarya ta yi? Ka nuna mata yarinya, ta ce kyakkyawa ce. Mummuna ce? Matar nan sau uku tana ba ka amsa daidai, kai ne ba ka taɓa tambayarta komai ba!"

Na ce ai duk mai hankali zai gane inda na dosa.

Ya ce, "A Holan ba a biyan mutum albashi don ya gane inda ka dosa."

Daga nan azabata ta fara. Kawu ya yanke hukunci cewa da yaren Holan zan yi tambayar, don ta shiga zuciyarta. Ya haɗa mini jimla ɗaya, gajera, ma'anarta "Ke za ki ba ni takardar nan?" Kuma ya zaɓi ajinmu ya zama cikin abra, kwalekwalen katakon nan da ke tsallaka da mutane tsakanin Deira da Bur Dubai, wai a nan ne ba zan iya gudu ba. Sai mu zauna a tsakiyar Indiyawa da Pakistanawa da 'yan yawon buɗe ido, Kawu ya harɗe ƙafa ya maƙale murya ya zama Madam, ya ce, "Yalla, ina sauri, me kake so?" Kalmar farko ta jimlar tana da wani harafi da ake kakaro shi daga maƙogwaro, kamar mai fama da majina. Na yi ta kakari. Ran nan har mai tuƙin abra ya miƙo mini gorar ruwa yana cewa, "Shwayya shwayya, habibi," wato a hankali. Wata Baturiya ta ɗauke mu hoto. Ban san a wace ƙasa hoton nan yake yanzu ba, kuma abin yana damuna.

Babbar rigimarmu ita ce wace kalma zan kira Madam da ita. Kawu ya ce jij, mai nuna yatsa. Na ce Kawu, shugabata ce, ta girme ni, bizata a hannunta take, ko u ba za ta fi dacewa ba? Ya ce in na ce mata u za ta ɗauka na mayar da ita kakata. Na ce to je fa, mai sauƙin? Ya ce je za ta wuce ta gefen kunnenta kamar sauran surutaina. Na yi mako biyu ina karatu a kan abin nan bayan na tashi aiki. Na raba takarda gida uku, na rubuta amfanin kowace kalma da haɗarinta, har da ja da baƙin biro. Na kai masa. Ya karanta daga sama har ƙasa yana gyaɗa kai, ya ce, "Rubutunka yana da kyau." Sannan ya ninke ta huɗu ya tura ƙarƙashin ƙafar teburinsa da ke rawa.

Gaskiyar magana, na yi ta ja da baya. Na ce sai an wuce watan Fabrairu, lokacin da furanni suke mana yawa. Fabrairu ta wuce na ce sai bayan azumi. Azumi ya wuce na ce Madam kamar ranta a ɓace yake kwanan nan. Kawu ya daina yi mini maganar, na ɗauka ya gaji. Ashe ban san shi ba.

Wata Litinin cikin tsakiyar zafi, ina tebur ina cika takardun kwastan, aka ce Madam tana kirana. Na shiga. Wa zan gani a kujerar baƙi in ba Kawu ba, da kaftani, da hula, da wata tsohuwar kwat ta ulu mai nauyin buhun gero a kai, wai ya ji an ce kamfaninmu firji ne. Kun san ba ya zuwa wurin mutum sai da alkawari. Ashe waya ya buga tun makon da ya wuce, ya ce shi ɗan kasuwa ne mai son tura furanni Kano, aka ba shi ƙarfe goma. Suna ta yaren Holan, Madam tana dariya har da share hawaye, abin da ban taɓa gani ba a shekara biyu. Daga baya ta gaya mini cewa yarensa irin na 'yan dakon tashar jirgi ne na da, rabonta da jin irinsa tun kakanta yana da rai, kuma kusan kowace jimla da ashar a ciki.

Na ce shi ke nan, yau zan koma Kano.

Kawu ya nuna ni da yatsa ya faɗi wata magana. Madam ta daina dariya, ta ba shi amsa gajera. Ya juyo ya fassara mini da Hausa, fuskarsa cike da jin daɗi kamar an yabi ƙasarsu.

"Ta ce ba ta tattauna mutum yana tsaye a gabanta kamar fitilar titi. Ta ce kai ba ka da baki ne?"

Madam ta dube ni ta ce da Turanci, "Aminu, akwai abin da kake so?"

Jama'a, wata biyar na horo a cikin abra, da u da je da jij da harafin majina, duk suka tashi suka bar ni. Ko ɗaya ban tuna ba. Abin da ya fito daga bakina Turanci ne tsirara, irin na ɗan firamare: "Ina son ki ba ni takardar da zan kawo matata da 'yata. Za ki ba ni?"

Ta ce, "I. Ranar Alhamis." Ta rubuta a littafinta. Sannan ta ɗago ta ce, "Tun yaushe kake son ta?"

Na ce shekara biyu.

Ta ajiye biro. Ta ce, "Na ɗauka bayani kake tattarawa."

Kawu ya miƙo ƙafa ya taka mini yatsa, ya ce da Hausa, "Ƙofa a buɗe take. Albashi." Ni kuma da yake jinina ya hau, na ce, "Za ki ƙara mini albashi?"

Ta ce, "A'a."

Da muka fito na rufe shi da faɗa, iya faɗan da irina zai iya. Na ce ya kusa jawo mini kora, ya sa na zubar da mutuncina a kan albashi, ga shi an ce mini a'a a gaban baƙo. Yana tafe yana zufa cikin kwat ɗinsa, ya ce, "Ka mutu?"

Na ce a'a.

"To ka gani. Ita ma a'a amsa ce, ba ta kisa."

Na ce furannin Kano fa da ya yi wa matar mutane ƙarya da su?

"Wace ƙarya? Na tambaye ta farashi, ta faɗa, na ce ya yi tsada. Kalas, magana ta ƙare. Ka tsayar mana da tasi, kwat ɗin nan za ta kashe ni."

Takarda ta fito ranar Alhamis kamar yadda ta ce. Sauran hidimar, neman fulat ɗin da zan iya biya a Karama da tantance takardar aure da sauransu, ta ci fiye da shekara. A ƙarshen 2019 Rukayya da Ikram suka sauka. Wata shidan da na yi alkawari ya zama shekara uku da ɗoriya, yarinyar da na bari a zani ta zo tana ce mini "wannan mutumin". Amma dai sun zo, kuma ina ganin kaina a matsayin wanda ya ci yaƙi.

Kawu ya ba mu alkawarin zai zo gidanmu Asabar ƙarfe ɗaya, ya iso ɗaya saura minti biyu ya tsaya a bakin ƙofa har ta cika. Na riga na gargaɗi Rukayya a kan gaisuwa. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ka wuni lafiya?" Ya ce, "Wannan ta fi ka ilimi." Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci, ya nemi ƙari da bakinsa. Ina ta murna, ina ba shi labarin yadda na sha wahalar takardu. Yana cikin wanke hannu ya dubi Rukayya ya ce:

"Ke, kina son zaman Dubai, ko shi ne yake so?"

Na yi dariya na ce, "Ai Kawu mun daɗe muna..."

"Na ce kai?"

Ina jiran ta ce ai duk inda maigida yake nan ne gida, a wuce wurin. Rukayya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta bakwai a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Kano, ta ajiye aikin ta taho.

Ta ce, "Kawu, ina son zama kusa da mijina, Ikram ma tana bukatar ubanta. Amma aikina ban so barinsa ba. Na yi kuka ranar da na miƙa takardar ajiye aiki." Ta ɗago kai. "Kuma kai ne ka fara tambayata."

Kawu ya ce, "To." Ya goge hannu, ya tambaye ta ko akwai sauran miyar da zai tafi da ita gida.

Wallahi na ji haushin tsohon nan ranar fiye da ranar cinyar kaza. Shekara uku ina fama, ya zo ya ci tuwona, ya kunna mini wuta a gida, ya tafi da miya a roba! Na yi wata guda ban taka Al Buteen ba. Amma da na zauna na bi wayoyin da muka yi da ita a shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, ban samu inda na ce mata "kina so?" ba. Kullum "in takarda ta fito sai a taho", "in an zo za a ga yadda za a yi". Ita ma ta bi ni da "Allah ya sa", na ɗauka amincewa ce.

Sai da na kwana huɗu ina zagaye kafin na zaunar da ita bayan sallar asuba na ce, "Rukayya, ke me kike so?" Amsar ta kai har na makara aiki. Ba duka ce mai daɗin ji ba, kuma ba zan kawo ta nan ba. Abin da muka tsayar shi ne za ta nemi lasisin aikin jinya na nan, in shekara biyu ta cika bai samu ba, za ta koma Kano da aikinta, ni in san yadda zan yi. Ta faɗi jarrabawar a karon farko, ga annoba ta rufe gari, muka sha zaman ɗaki da fargaba. A karo na biyu ta ci. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti nan kusa da mu. Ba zan ce komai ya daidaita ba, har yanzu takan ce matan Kano sun fi na nan iya naƙuda, amma tana fita da safe da farar rigarta tana sauri, kuma ni na san da ba a yi mata tambayar nan ba, da a ɗaki za ta zauna tana ce mini babu komai har abin ya ci mu.

Da na koma ofishinsa bayan fushin, ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ya dai ce robar miyar tana nan ya wanke, in mayar wa mai ita.

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba, kwana tara ne ko goma a asibiti. Rukayya ce take leƙa shi in ta tashi aiki, ta ce har ranar ƙarshe yana tsare likitoci yana cewa su daina yi masa kwana-kwana. Mun binne shi a maƙabartar da ke wajen Muhaisnah, mu ƙalilan saboda dokar taro. Alhaji Mudi ya bugo daga Kano yana kuka kamar yaro. Muna juyowa daga kabarin, Malam Sani ya share ido ya ce a hankali, "Yau dai Kawu zai ji irin tambayar da yake so. Kai tsaye, kuma da shi ake." Muka yi dariya a inda bai kamata ba, sannan muka kasa daina kuka.

Allah ya tabbatar da harshensa a kan amsa. Allah ya yafe masa abin da ya yi mana na gallabawa, ya saka masa da alherin da ya ɓoye a ciki, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Wannan shi ne iya abin da na riƙe. Rukayya ta karanta kafin in turo, ta ce miyar kuka ce ba taushe ba, kuma kwana shida na yi ina zagaye ba huɗu ba. Na bar nawa yadda na tuna, ga nata na faɗa. Malam Sani, Alhaji Mudi, da duk wanda ya ga wani abu da idonsa ya ga na karkace, don Allah ku turo mini gyara ta lambata, zan sa a ciki da sunan mai shi.